Inda Gurgu Yake Sauka

Talata, 7 ga Maris

Yau na fara tashi a filin. Duk Talata zan ɗaga jirgina marar matuƙi, in ɗauko hoton ginin masana'antar ta kusurwa huɗu, in aika wa kamfani su ga inda aka kwana. Tun a kan babur nake gaya wa kaina aiki ne kamar kowane aiki. Na ɗauki bikin aure da jirgin nan, na ɗauki gonakin abarba. To amma ba a taɓa sa ni ɗaukar hoton inda aka binne cibiyata ba.

Daga sama ƙauyenmu Sia-tsu ya zama faranti. Babu gida ko ɗaya, babu rake, ƙasa ce kawai aka murje, motocin tona suna yawo a kai. Abu biyu suka rage, tsohuwar ceɗiyar bakin hanya da kwatar ruwan noma.

Da yamma na nuna wa Apa, mahaifina, hoton a kwamfutar hannu. Ko tabarau bai sa ba. Ya ɗora yatsa kan ceɗiyar, ya ja shi gabas, ya tsallake kwatar, ya tsaya. "Ga gida nan." Na ce ya aka yi ka sani, ai duk ƙasa ɗaya ce. Ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau sauron ƙarfe ba zai hango ba." Jirgina ne sauron ƙarfe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa tattabaru bauta, shi ne yake yi wa nawa abin tashin dariya.

Muna cin abinci sai ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. "A-kiau, kar ki manta. Ubana a ɗakin tsakiya ya cika, ƙafafunsa suna kallon ƙofa. Uwarki ma da sauran numfashinta muka ɗauko ta daga asibiti. Ni ma gida za ku kai ni." Na ce ka ci kifinka kafin ya huce. A raina na ce wane gidan kuma? Tun sanyin da ya wuce muke zaune a benen nan na garin Shanhua, hawa na uku, ni da shi da allon kakanni, katakon da aka rubuta sunayen mamatan gidanmu a jiki. Ban faɗa ba, amma na san ya ji.

Talata, 21 ga Maris

Ceɗiyar ta tafi. An sassare rassanta, an ɗaure ta a tirela, wai za a dasa ta a wani wurin shaƙatawa. Apa ya kalli hoton ya ce, "Ita ma ta samu bene."

Lahadi, 16 ga Afrilu

Baffa Kim-tsui ya zo, abokin Apa tun suna yara. Ya hau matakala yana zagin wanda ya ƙirƙiro ta, da ledar gwaiba a hannu. Suka haye rufin bene wurin ɗakin tattabarun da Apa ya harhaɗa da kwano, suka zauna kamar masu jiran mota.

Da a ƙauye muke, da yanzu muna tsakiyar gasar usur. A ɗaura wa tattabara jan usur na itace a gindin jela, a kai ta ƙauyen abokan gasa a saki, ta ɗauko shi ta dawo gida, sama duk ta cika da wuuu. Kullum ana ƙara girman usur ɗin har sai tsuntsaye sun fara kasawa. Bana shiru. Baffa ya ce, "Mu kai su garin wa, su dawo garin wa?"

Apa ya sayar da yawancin nasa. Cikin 'yan da suka rage akwai Gurgu, tsohon namiji mai launin toka, wanda waya ta cire wa yatsa ɗaya. Shi ya taɓa ɗauko usur mafi girma da aka gani a yankinmu. Tun da muka taso yake kulle. Dokar masu tattabaru ce, ba a sakin tsohon tsuntsu a sabon wuri sai ya yi 'ya'ya a wurin, in ba haka ba tsohon gida zai koma. Matar Gurgu kuwa ta mutu a makon ƙaura, duk wadda aka haɗa shi da ita sai ya kore ta kusurwa.

Baffa ya ce wa Apa, "Ban-lai, samo masa mata mana. Ko kai za a fara samo wa? Akwai wata bazawara mai sayar da madarar wake a ƙasan benenku, na ga tana ƙara maka ludayi."

Apa ya ce, "Ji wanda ke magana. Kai da haƙoranka suke kwana a kofi."

Sun yi dariya har tari ya sarƙe Apa. Ni dai da za a soye tsuntsayen nan duka da tafarnuwa, da ban zubar da hawaye ba. Mama ta tsufa tana sake wanke shanyar da suka ɓata.

Talata, 9 ga Mayu

An binne kwatar. Yanzu rami ne ƙato, mai kusurwa huɗu, cike da rodi a tsaye kamar ƙaya.

Na miƙa wa Apa hoton. Wannan karon ya sa tabarau. Yatsansa ya yi gabas, ya dawo, ya yi kudu. Ya tsaya wani wuri ya ce nan ne, sai ya ce a'a. Ya ce na juya hoton. Na ce ban juya ba, arewa tana sama kamar kullum. Ya ce to jirgin ne ya yi nisa da yawa, wa ya ce in hau har can. Na matso masa da shi kusa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ture kwamfutar har ta kusa faɗuwa, ya shiga ɗaki.

Ban bi shi ba. Na zauna na nema da kaina, ni ma ban samu ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban yi zato ba.

Laraba, 10 ga Mayu

Kai, tsohon nan! Da safe na ji wuuu a saman kaina, na hau da gudu. Ya ɗaura wa Gurgu ƙaramin usur ya buɗe masa ƙofa. Ko zagaye ɗaya tsuntsun bai yi ba, ya miƙe yamma sak. Na ce Apa, kai fa ka koya mini dokar, ba zai dawo ba. Ya ce, "Na sani. Aikensa na yi."

Asabar, 13 ga Mayu

Ya dawo jiya da la'asar, a rame. Ya ci masara kamar ba gobe, ya sha ruwa, ya kwana. Gari na wayewa ya sake tafiya. Apa ya ce, "Ci a nan, gida a can. Ɗan uwana ke nan."

Talata, 16 ga Mayu

Ina tsaye a bakin shinge ina sa wa jirgi batir, injuna na ta ruri, sai na ji shi. Wuuu, siriri, ya wuce ta samana. Na ɗaga jirgin na bi a hankali. Can tsakiyar ramin, a kan wani rodi da ba shi da bambanci da dubban 'yan uwansa, ga Gurgu a zaune yana gyara fiffike. Ma'aikata suna wucewa ta ƙasansa, ko a jikinsa.

Na ɗauki na kamfani guda huɗu, na ɗauki nawa ɗaya.

Apa ya riƙe kwamfutar da hannu biyu. "Nan ɗakin tattabaru yake. To nan ne madafa. Ga rijiya. Ga ɗakin tsakiya, inda motar kankaren nan take." Yana faɗa yatsansa yana tafiya ba gargada, kamar gidan yana tsaye. Ya nuna inda Mama take shanya tohon gora, ya nuna inda na faɗo daga mangwaro na karya hannu. Yau ya cinye shinkafarsa har ya nemi ƙari.

Talata, 20 ga Yuni

Ginin yana tashi kamar ana hura shi. An rufe ramin, an kafa ginshiƙai, yanzu ana hawa na biyu. Injinan ɗaga kaya sun yi yawa har sai na yi ta kewaye su kamar mai tsallake kwata. Gurgu yana tashi tare da ginin. Duk hawan da aka ƙara, sai ya koma saman sabon ƙarfen, daidai saitin wuri ɗaya. Na jera hotunan makonni na duba, ko taki ɗaya bai kauce ba.

Injiniya Pan, yarinyar da take karɓar hotunana, ta gano ni. Ta leƙo allon kwamfutar, ta kira ni da sunan gidanmu, ta ce, "Yaya Sia, me kike ɗauka a can kullum? Ko saurayi kika yi cikin masu walda?" Na nuna mata. Na gaya mata kaɗan. Ta ce kakarta ma a gefen Pingtung an taɓa tashin su saboda hanya. Sannan ta ce, "Ki bar shi ya more yanzu. Amma in aka rufe bango, labari ya canza. Ɗakin da za a riƙa ƙera ƙwaƙwalwar wayoyin nan, ƙwayar ƙura ɗaya tana ɓata aiki. Balle gashin tsuntsu."

Na ce ai da saura. Ta ce a nan wurin babu abin da yake da saura.

Alhamis, 27 ga Yuli

Guguwar teku. Gurgu bai dawo ba tun shekaranjiya. Na fita sayo kyandir, na dawo na tarar da Apa a rufin bene cikin ruwa, yana kaɗa gwangwanin masara. Na yi masa faɗa kamar ni na haife shi. Na ce sabo turken wawa, kai da tsuntsunka duka. Ya ce, "To ke kuma me ya ɗaure ki?" Na ja shi ciki na goge masa kai.

Asabar, 29 ga Yuli

Ya dawo, usur ɗin a karkace, fiffike ɗaya a tsefe. Apa kuma zazzaɓi.

Juma'a, 4 ga Agusta

Likita ya ce huhun ya daɗe da lalacewa, ba ruwan saman ba ne kaɗai. Ƙurar tattabaru ce ta shekara da shekaru. Ya ce kada ya ƙara kusantar su. Apa ya ce, "Likita, da ka gaya mini ina ɗan ashirin." Matakalar benen nan sai da muka huta a kowane hawa.

Yanzu ni ce mai zuba masara. Ni. Da ƙyalle a hanci ina zagin su ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi, 13 ga Agusta

Ƙanena A-liong ya zo daga Hsinchu, can arewa. Shi ma a irin masana'antar yake aiki, kullum cikin farin kaya daga kai har ƙafa, idanu kawai a waje. Ya zo da maganin ƙarin jini mai tsada da shawara mai yawa. A sayar da tsuntsayen, a rufe ƙofar rufin bene da kwaɗo. Na ce ka zo ka rufe da kanka, tunda kai ne namiji. Ya ce in daina yi masa kallon kamar shi ya rushe ƙauyen, ginin nan shi ne tukunyar da ƙasar nan take ci. Ban musa ba. Ni ma daga cikinta nake ɗiba duk Talata.

Apa ya sake tayar da maganar a kai shi gida. A-liong ya durƙusa gabansa ya ce, "Apa, nan ne gida. Ga allon kakanni can, ga sunan Mama a jiki. Kai da kanka ka kawo su."

Haka ne kuwa. Ranar ƙaura ni na tuƙa ƙaramar motar kaya, Apa yana gefena, allon yana cikin kwando a cinyarsa, baƙar laima a buɗe a kansa ko da yake muna cikin mota. Duk kwanar hanya sai ya faɗa musu, duk gada sai ya faɗa musu. "Kaka, za mu yi dama. Uwar yara, gada ce, ki haye." In ba a kira su ba, a baya suke tsayawa, ruwa ba ya barin su wuce.

Apa ya kalli A-liong ya ce, "Na kira su, sun biyo ni. Kowa na kira da sunansa. Ni ne ba wanda ya kira."

A-liong ya fita baranda ya kunna taba, shi da ya ce ya daina. Ni na shiga madafa na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Talata, 12 ga Satumba

An ɗora ƙarfe na ƙarshe. Sun jera tebur da 'ya'yan itace da turaren tsinke, manya sun sa hannu a jikin ƙarfen, injin ya ɗaga shi ana tafi. Gurgu ya matsa gefe ya ba su wuri, da suka gama ya koma.

Litinin, 9 ga Oktoba

An kwantar da Apa a asibiti. Hawa na bakwai, tagar tana kallon wurin ajiye motoci.

Talata, 17 ga Oktoba

An rufe rufin. Fari fat, shimfiɗe, ya fi ƙauyenmu duka faɗi. Bangon ma ya kusa haɗuwa.

Pan ta same ni a bakin shinge, ba dariya yau. Ta ce an ɗauko masu korar tsuntsaye, za su fara cikin makon nan. Raga da ƙayar ƙarfe da wasu abubuwan da ba ta so ta faɗa ba. "Ba su san naki da na daji ba, Yaya Sia. In za ki iya riƙe shi, ki riƙe shi."

Da ya dawo cin abinci na ja ƙofar na sa sakata. Ya yi ta dukan waya da ƙirji, usur ɗin yana ƙwanƙwasa kwano. Na ce ka yi ta yi, rai na cece maka, butulu.

Talata, 24 ga Oktoba

Na kai wa Apa hoton yau. Robar iska tana hancinsa, hannunsa ya zama ƙashi. Ya karɓa ya fara nema. Farin rufi, bututai, akwatunan ƙarfe jere iri ɗaya. Yatsansa ya yi ta yawo kamar na makaho a bango. Na kasa kallo, na koma gyara masa bargo.

Ya ce, "Ina yake?"

Na ce wataƙila ya sauka shan ruwa.

Ya ce, "Kin kulle shi."

Na gaya masa komai, ragar da ƙayar. Na ce in na sake shi kashe shi za su yi. Na zaci zai yi faɗa, da ma faɗan ya yi. Sai ya miƙo mini kwamfutar a hankali, ya juya fuska bango. Can ya ce, "To kin kulle mu biyu."

Na fito na zauna a kujerar baranda, wata mata tana ɓare lemo a gefena ta miƙo mini rabi. Na ci ina kuka. Ban san me ake so in yi ba. In na buɗe, na kashe tsuntsun. In na rufe, ubana zai mutu bai san inda gidansa yake ba.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na buɗe. Kafin in buɗe na gyara masa ɗaurin usur ɗin yadda na ga Apa yana yi. Jikinsa da ɗumi, zuciyarsa tana bugun tafin hannuna. Ban taɓa riƙe shi ba sai yau.

Talata, 31 ga Oktoba

Yana nan. A kan wani bututu, tsakanin ƙayoyin ƙarfe biyu, ya tsaya da gurguwar ƙafarsa inda babu wurin tsayawa. An riga an shimfiɗa raga a gefen kudu.

Apa ba ya iya ɗaga hannu sosai, ni na riƙe masa yatsa na ɗora a kan tsuntsun. Sai ya ja da kansa, kaɗan, zuwa hagu. Leɓensa ya motsa. Na sunkuya. "Ɗakin tsakiya." Na ce na gani, Apa. Na gani.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Bai dawo ba.

Talata, 7 ga Nuwamba

Na zagaya rufin har batir biyu suka ƙare. Babu. Raga ta rufe ko'ina. Na je asibiti ina shirya ƙaryar da zan yi, sai Apa bai tambaya ba. Wannan ya fi mini zafi.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Jiya ne. Bari in rubuta tun ban fara mantawa ba.

Da hantsi likita ya kira mu ni da A-liong, ya ce in za mu kai shi gida da numfashinsa, yanzu ne. Aka sa shi a motar asibiti, wata nas tana matsa jakar iska da hannu, tana yi masa numfashin. A-liong ya ba direba adireshin benen. Mun fito ƙofar asibiti na ji bakina yana cewa, "Direba, bi ta filin masana'anta tukuna." A-liong ya ce, "Yaya, kin haukace? Ba lokaci." Nas ɗin ta dube ni, ta dubi Apa, ta ce hannunta bai gaji ba tukuna. Direban, wani dattijo, ya juya motar.

Muka tsaya a bakin shinge, inda hanyar ƙauyenmu take shiga a da. Motocin kankare suka jeru a bayanmu suna ta oda. Mai gadi ya taho da gudu yana ɗaga hannu, da ya leƙa ya ga abin da ke ciki sai ya cire hularsa, ya juya ya tsayar da motocin. Na buɗe ƙofar baya. Bango ne kawai, fari, har sama. Na san saitin, watanni na yi ina kallon sa.

Na kama hannunsa na sa baki a kunnensa. Na ce, "Apa, ga gida. Mun zo ɗaukar ka. Sia Ban-lai, tashi mu tafi, kowa ya riga ya wuce, kai kaɗai ake jira."

Muka kama hanya, wadda muka bi ranar ƙaura. Na ce, "Apa, za mu yi dama." Na ce, "Apa, ga kantin taya, mu wuce." Da muka iso gadar farko muryata ta ƙi fita. Sai na ji A-liong daga ɗaya gefen, da ƙarfi kamar yana kiran wani a gona, "Apa, gada ce! Haye!" Yana faɗa majina tana zuba, bai goge ba. Gada ta biyu tare muka faɗa.

A ƙasan bene Baffa Kim-tsui yana jira, da mai madarar wake, ta rufe shagonta. Aka ɗauke shi a gadon ɗauka. "Apa, matakala ce. Apa, hawa na biyu. Saura kaɗan." Mun riga mun shimfiɗa katako a falo, gaban allon kakanni, ƙafafu wajen ƙofa. Muka kwantar da shi.

Na ce, "Apa, mun iso gida."

Yatsansa ya motsa a hannuna. A-liong ya ce bai gani ba. Nas ta ce hakan yana faruwa. Ni dai na ji, ya danna, yadda yake danna hoton in ya samu wurin. Sannan nas ta dubi agogo, ta daina matsa jakar.

Baffa ya ce, "Ɗan banza, ka riga ni." Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Asabar, 25 ga Nuwamba

An gama komai. A-liong ya koma arewa. Baffa ya ce zai kwashe tattabarun in na shirya. Na ce to, zan gaya masa. Falon ya yi girma.

Talata, 5 ga Disamba

Na koma aiki. Daga waje ginin ya gama, yanzu manyan akwatuna ake shigarwa ta ƙofar gefe, a nannaɗe kamar marasa lafiya. Pan ta ce daga sabuwar shekara sau ɗaya a wata ya isa, babu abin da zai ƙara canzawa daga sama.

Da zan tafi ta biyo ni har wurin babur, ta ciro wani abu daga aljihun rigarta. Usur ɗin ne. Jan fentin ya koɗe, zaren ya tsinke. Masu share magudanar rufi suka tsinta. Ta ce, "Shi kaɗai suka gani. Na tambaya sosai, ba su ga tsuntsu ba." Ban san ko gaskiya ta faɗa ko tausayi ba ne. Ban tambaya ba, na sa a aljihu.

Hoto huɗu na ɗauka yau. Sai da na naɗe jirgin na tuna ban ɗauki na biyar ba, ban ma nemi saitin ba. Na tsaya ina jiran in ji ciwo. Yunwa kawai na ji, kuma na tuna masara ta kusa ƙarewa, gara in biya ta kasuwa. Ba wai zan riƙe su ba ne. Sai dai wata farar mace ta kwanta kan ƙwai, ba a tashin tsuntsu a haka. Ƙaramar ƙofar sama kuwa a buɗe nake barin ta saboda iska.

A hanyar gida, da na iso gadar farko, na rage gudu ba dalili. Babu kowa a bayana. Cikin hular kwano, a hankali, na ce, "A-kiau, gada ce. Haye."

A ta biyun ma na faɗa.